Muna gane ciwon sa, namu fa?

Kowannenmu in ya shiga kara, kallo ɗaya zai yi wa sa ya gane ba shi da lafiya: ya bar tuƙa, ya sunkuyar da kai, ya ware daga garke. To, ni na yi wata biyar a haka, ba wanda ya gane, har ni kaina.

Abin ya faro a 2023, da aka rufe iyakar Nijar da Nijeriya bayan juyin mulkin watan Yuli. Shanun bashi a hannuna, ga ciyarwa kullum, dole na karyar da su. Asara ba baƙuwar falke ba ce, wanda ya ga farin 1984 ya sani. Amma wannan karon barci ya ƙaurace mini, tuwo ba ya shiga, ranar kasuwa sai in fake da ciwon kai. Har na fara cewa da ma in kwanta kar in tashi.

Uwargida ta ce sammu ne. Na sha rubutu, an yi mini hayaƙi. Addu'a ta sanyaya mini zuciya, ban raina ba, sai dai barcin bai dawo ba. Wani yaron mota ya miƙo mini tramol. Kwana biyu ina jin ƙarfi, daga baya na fi da lalacewa.

Dillalina ne ya ja ni asibiti, ina turjewa kar a ce Alhaji ya taɓu. Likita ya daɗe yana tambayata, sannan ya ce sunan abin ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ya rubuta amitriptyline, a sha da dare. Gaskiya makon farko baki ya bushe, jiki ya yi nauyi da safe. Sai wajen mako huɗu na ji ina sha'awar hira.

Nan na yi wauta: da na ji sauƙi na aje maganin, ciwo ya dawo. Likita ya ce ana ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware, a rage a hankali, kuma a ɓoye shi nesa da yara, don yawansa kisa yake.

An buɗe ɓangaren Nijeriya a Maris 2024. Na koma da bijimai shida kacal. Roƙona ga shugabannin ƙungiya: duk wanda aka rasa a kara kasuwa uku jere, a tura mutum biyu gidansa, ko da ya ce ciwon kai ne.