Da wane harshe ake auna aikin malamin madarasa?

Tun daga 1957, lokacin da aka buɗe madarasa ta farko a garin Say, harsuna biyu ne makarantar faranko-arab take amfani da su a kan takarda: larabci da faransanci. Amma duk wanda ya taɓa zama a bayan aji a Maraɗi ko Damagaram ya san da harshe na uku, wato hausa. Da ita malami yake fassara, da ita yake maimaita abin da ya shige wa yara duhu. A ganinmu, hanyar da ake bi wajen auna aikin malamai ba ta yi wa wannan harshe gurbi ba.

Mai binciken makarantu yakan zo ya duba takardar shirin darasi, ya saurari darasi guda, ya ba da maki. A ranar, malami yakan kame bakinsa daga hausa, yara kuma su rera amsa baki ɗaya. Abin da aka auna ke nan hadda ce, fahimta kuwa ba a taɓa ta ba. Jarrabawar da aka yi wa malamai ƴan kwantaragi a 2017 ma ilimin malami ta gwada a rubuce, ba ta nuna abin da ya isa kan ɗalibi ba.

Makarantun zaure sun daɗe da nasu ma'auni. Malamin da ke karantar da Ahalari ko Ishmawi yana karanta larabcin gaɓa-gaɓa, yana bi da hausa, kuma da ingancin fassararsa almajirai suke gane zurfin karatunsa. Abin mamaki, madarasa ta gaji darussan, ta bar ma'aunin.

Shawararmu ita ce, bayan darasi mai bincike ya zaɓi yara uku ko huɗu da kansa, ba waɗanda malami ya nuna ba, ya nemi kowane ya faɗi ma'anar hadisin ko hanyar lissafin da harshen gidansu. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan ƙasa, saboda haka wannan bai saɓa wa doka ba. Wahalar tana wajen tura ma'aikata: a Yamai, inda aji guda yake haɗa masu jin hausa da masu jin zabarmanci, sai an sami mai binciken da ke jin harsunan biyu, ko kuwa a tura mutum biyu.