Kano Zuwa Jidda: Shin Dawowa Ta Fi Zuwa Sauri?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, wanda ke da niyyar zuwa Umara. Ya ce ya duba takardar jirgi ya ga zuwa Jidda awa 6 da rabi ne, dawowa kuwa awa 2 da rabi kacal. Shi ne yake tambaya, ko hanyar dawowa gangara ce, ko kuwa masu jirgin ne suka yi kuskure?

To Malam, babu gangara a sama, kuma ba kuskure ba ne. Tsakanin Kano da Jidda, in aka miƙe sak, kimanin kilomita 3,400 ne. Wato kamar ka yi tafiyar Kano zuwa Legas a mota sau uku, har da ɗoriya. Babban jirgin fasinja yakan ci wajen kilomita 850 a awa guda. In ka raba, awa 4 ke nan. Ka ƙara lokacin hawa da na sauka, sai a ce awa 4 da rabi. Zuwa da dawowa duk kusan haka ne, sai ɗan abin da iska ta ƙara ko ta rage.

Abin da ya ruɗa ka agogo ne. Ai ka san da azumi mutanen Maiduguri kan riga na Sakkwato shan ruwa da wajen rabin awa, don suna gabas, rana ta riga faɗuwa a wurinsu. To Jidda ta fi haka nisa gabas ƙwarai, shi ya sa agogon Saudiyya ke gaban namu da awa 2 cur. Su kuwa kamfanonin jirgi, lokacin tashi sukan rubuta shi da agogon garin da aka tashi, na sauka da agogon garin da aka sauka.

Ga misali. Ka tashi Kano ƙarfe 8 na safe. Kana sauka agogon hannunka zai nuna 12 da rabi, na bangon filin jirgin Jidda kuwa 2 da rabi na rana. A dawowa, ka tashi ƙarfe 8 na safe a can, a lokacin mu nan ƙarfe 6 ne, ka iso Kano 10 da rabi. Ka ga inda 6 da rabi da 2 da rabi suka fito.

Kada ka ɗauki wannan da wasa. Da zarar ka sauka, tura agogonka gaba da awa 2. In ka bar shi a lokacin gida, ranar dawowa kana iya isa filin jirgi ka tarar jirginku ya daɗe da tashi, ga kaya niƙi-niƙi, ga guzuri ya ƙare.

Sai dai lissafin nan na miƙaƙƙiyar hanya ne, wadda ke bi ta saman Chadi da Sudan ta ƙetare Bahar Maliya. A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu zagaye suka yi, tafiya ta ƙaru, kuɗin jirgi ma haka. Saboda haka kafin ka biya, tambayi mai sayar maka da tikiti ta ina za a bi, kuma ko za a yada zango a wata ƙasa a canja jirgi, don zaman jira a can yana iya cin wuni guda. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.