Borin Jini Mai Shaƙe Maƙogwaro

Jama'a, mun saba da borin jini, mu kan ce ƙaiƙayi ne, zai wuce. To, akwai wani irinsa mai kisa cikin 'yan mintoci. Abin da ya kan jawo shi shi ne harbin zuma ko rina, ko allurar penisilin, ko abinci kamar gyaɗa da kifi da ƙwai.

A cikin jini akwai dakaru masu tsaron jiki. A jikin waɗansu mutane dakarun nan su kan yi kuskure, su ɗauki gyaɗa abokiyar gaba. Ran da ta sake shiga sai su zubo wani abu wai shi histamin. Nan da nan jijiyoyin jini su saki, jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa, maƙogwaro ya kumbura ya toshe hanyar numfashi.

In kun ga leɓe da fuska sun kumbura, murya ta dushe, numfashi ya sarƙe, ko jiri ya ɗebi mutum:

1. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya gagara a zaunar da shi, amma kada ya miƙe tsaye.
2. Kada a ɗura masa nono ko manja ko jiƙo.
3. A ɗauke shi maza zuwa asibiti. Mutanen Fagge da Sabon Gari, Asibitin Murtala na kusa da ku. Na ƙauye su nufi disfensare mafi kusa.

Maganinsa allurar adiranalin ce a cinya, ƙwayar ƙaiƙayi ba ta isa ba. Ko ya ji sauƙi ya dakata a asibiti, gama ciwon ya kan dawo bayan 'yan sa'o'i.

Wanda abin ya taɓa samu, lalle ya faɗa wa malamin asibiti kafin a yi masa kowace allura.