Kaboyin da muke zaton na Amurka ne, ashe 'yan Italiya suka yi shi

Yau zan ɗan fita daga Kannywood da Indiya, mu leƙa ƙasar Italiya, don akwai darasi a can da ya shafi gardamar da muke yi kullum, wato ta cewa 'yan fim ɗinmu kwaikwayo kawai suka iya.

Nan wajenmu Gagarawa, in ka ce Italiya, abu biyu ne ke zuwa ran matashi: taliya da ƙwallo, su Juventus da AC Milan da muke kallo a gidan kallo. Amma tambayi dattijon da ya yi zamanin sinima a Kano, lokacin su Plaza da Orion, zai ba ka labarin fina-finan kaboyi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da dama daga cikin kaboyin da suka fi tashe ba Amurkawa suka yi su ba. 'Yan Italiya ne. Masu sharhi suka yi musu laƙabin raini da sunan abincinsu, wanda in za mu faɗa da Hausa sai mu ce “kaboyin taliya”. Sunan ya bi su, su kuma fina-finan suka shiga duniya.

A 1964 wani darakta ɗan birnin Rum mai suna Sergio Leone ya fitar da A Fistful of Dollars. Kuɗin aikin kaɗan ne, kusan dala 200,000. Ya ɗauko Clint Eastwood daga Amurka, wanda a lokacin a talabijin aka fi saninsa, ya biya shi dala 15,000. Hamadar da kuke gani a fim ɗin ba ta Amurka ba ce, a yankin Almeria na ƙasar Sifen aka ɗauka. Don kada 'yan kallo su gane aikin gida ne, Leone ya sa wa kansa sunan Bob Robertson, mai kiɗan fim ɗin Ennio Morricone kuma ya koma Dan Savio. Haka su Terence Hill da Bud Spencer, 'yan barkwancin nan masu dambe na They Call Me Trinity na 1970: sunayensu na yanka Mario Girotti da Carlo Pedersoli. Django na 1966 ma, mai jan akwatin gawa, Franco Nero ne, ɗan Italiya.

Ga inda abin ya yi kama da namu. Labarin A Fistful of Dollars ɗauko shi aka yi daga Yojimbo, fim ɗin Akira Kurosawa na Japan na 1961: baƙo ya shigo gari, ya tarar da gungu biyu na gaba da juna, ya riƙa cin kuɗin kowane ɓangare. An cire takobi an sa bindiga, shi ke nan. Leone bai nemi izini ba, kamfanin Toho ya kai ƙara, aka sasanta a kan 'yan Japan su karɓi kashi 15 cikin 100 na abin da fim ɗin ya samu a duniya. Rigimar ta sa sai 1967 aka nuna shi a Amurka.

To me ya hana a manta da Leone a matsayin mai satar fasaha? Abin da ya ƙara ne. Kaboyin Amurka na da, jaruminsa tsaf-tsaf yake, mai gaskiya. Na Leone ga gumi ga ƙura ga ƙasumba, kuma kuɗi ne a gabansa. Kyamara za ta cika allo da idon mutum kawai, a yi shiru na tsawon lokaci, hannu na dab da bindiga, kai mai kallo har numfashinka ya ɗauke. Wannan salon nasa ne, kuma daga baya Amurkawan da kansu suka dawo suna koyi da shi.

Masu son kiɗa, ga naku. Morricone ba shi da kuɗin tara babbar ƙungiyar makaɗa, sai ya yi amfani da abin da ke hannu: fito da baki, ƙarar bulala, ƙararrawa, jitar lantarki da muryoyin mutane. Kiɗan nan na The Good, the Bad and the Ugly na 1966 mai kama da kukan dila, ko ba ku san sunansa ba kun ji shi a talla ko a bidiyon TikTok. A Once Upon a Time in the West na 1968, tun kafin a fara ɗaukar fim aka gama kiɗan, ana kunna shi a wurin aiki 'yan wasa na tafiya da shi. Ai kun san wannan tsarin, haka ake yi a Kano, a buga waƙa a sutudiyo sannan a fita ɗaukar rawa. Morricone ya ci Oscar a 2016, ya rasu a 2020.

Sai batun harshe. Italiya na cikin ƙasashen da suka fi ƙwarewa wajen ɗora murya, tun shekarun 1930 da gwamnatin Mussolini ta matsa a kan fina-finan waje su yi magana da Italiyanci. A wurin ɗaukar fim ɗin Leone, kowa da yarensa yake magana, wannan Turanci, wancan Italiyanci, wani Sifaniyanci, daga baya a ɗora murya ɗaya. Shi ya sa baki da magana ba sa haɗuwa. Duk mai kallon fassarar Algaita ya san yadda abin yake.

Maƙwabtanmu ma sun taɓa kaboyi. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu.

Ra'ayina shi ne, in za mu yi wa 'yan Kannywood faɗa, mu yi shi a inda ya dace. Aron salo kowa na yi. Tambayoyin biyu ne: ka biya mai abu haƙƙinsa ko ka ambaci sunansa? Kuma me ka zuba naka a ciki? Sangaya na 1999 ya ɗauki rawa da waƙa irin na Indiya, amma gidan sarautar da sautin kiɗan namu ne, shi ya sa har yau ake tuna shi. Mu nan muna da dawakan hawan sallah na Gumel, ga dillalai da fatake a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, ga iyakar Nijar a kusa. Marubucin da ke neman labari mai ƙura da doki ba sai ya je Sifen ba.

Wanda bai taɓa kallon ko ɗaya ba, ya fara da The Good, the Bad and the Ugly. Yana da tsawo, kusan awa uku, don haka a cika cajin waya tukuna.