Warin Wiwi Ya Isa a Kama Mutum?

Jama'a da yawa, musamman direbobi da fasinjojin da ke bin hanyar Minna zuwa Suleja ko Bida, sukan tambaya: idan ɗan sanda ya ce ya ji warin tabar wiwi a mota ko a jikin mutum, yana da ikon ya caje shi, har ya kama shi?

Da farko dai a sani, doka ba ta ambaci wari ba. Abin da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta nema shi ne ɗan sanda ya sami ƙwaƙƙwaran dalilin zargi kafin ya tsai da mutum ya caje shi. Wari mai ƙarfi da ke fitowa daga jaka ko daga bayan mota yana iya zama irin wannan dalili. Amma dokar ta hana a zargi mutum saboda askinsa, ko tufafinsa, ko shekarunsa. Saurayi mai tara gashi a Kpakungu ko Bosso bai yi wa kowa laifi ba.

Kafin caje, wajibi ne ɗan sanda ya faɗi sunansa da ofishinsa, da abin da yake nema, da dalilinsa. Mace kuwa, mace ce za ta caje ta.

Kama mutum kuma wata magana ce dabam. Hayaƙi yakan kama riga. Wanda ya zauna a tasha kusa da mashayi, ko direban da ya sauke fasinja mai ɗauke da kayan, duka za su tashi da warin alhali ba su taɓa ganyen ba. Laifin da Dokar Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, take hukuntawa shi ne nomawa, da sayarwa, da safara, da mallaka, da sha. Idan an caje ba a sami kome ba, kuma babu wani dalili bayan warin, daidai ne a sallami mutum. Ko an sami wani ganye ma, sai an kai shi ɗakin awo an tabbatar wiwi ne, domin alƙalin Babbar Kotun Tarayya da ke Minna ba zai ɗaure mutum da shaidar hanci kaɗai ba.

Wanda aka kama, Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da shi dalili a rubuce cikin sa'a 24, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Yana da damar yin shiru har lauyansa ya zo.

In an tsai da ku, kada ku gudu, kada ku yi kokawa, kada ku miƙa toshiya. Ku tsaya a caje kayanku a gaban idonku, ku riƙe sunan ɗan sandan. Mai ƙara ya kai ta ofishin Kwamishinan 'Yan Sanda a Minna, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.