Abin da makiyayin Ƙaraye da Rogo ke samu idan ya shiga ƙungiya

Da kaka ta yi a Ƙaraye da Rogo, hankalin manoma da makiyaya yakan koma wuri ɗaya: amfanin da ba a kwashe ba tukuna, da garken da ke neman hanyar wucewa. Burtalai da dama sun ƙuntace saboda noma, fadamun da ke kewaye da madatsar ruwa ta Challawa kuma sun cika da masu noman rani. Saniya ɗaya ta kauce ta faɗa gonar dawa, sai magana ta kai gaban dagaci ko ofishin 'yan sanda.

A irin wannan rana ake gane bambancin makiyayin da ke cikin ƙungiya da wanda ke zaman kansa.

Mai tsaya maka ranar ɓarna

Ƙungiyar makiyaya da ta fi suna a Najeriya ita ce Miyetti Allah, wato MACBAN, wadda Sarkin Musulmi ke jagorantar kwamitin amintattunta. Tana da rassa daga matakin ƙasa har zuwa ƙananan hukumomi. Ita daban ce da Miyetti Allah Kautal Hore, ko da yake mutane kan haɗa su.

Idan an yi ɓarna, shugabannin reshe da arɗo kan zauna da mai gona da masu unguwa a ƙiyasta asarar, a biya diyya, a rabu lafiya. Wanda ba shi da mai tsaya masa yakan sayar da bijimi don kashe maganar da tunkiya za ta iya kashewa.

Haka batun sata. Rogo ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, shanun da aka kora da dare suna iya kwana a wata jiha. Ta hanyar rassan ƙungiya ake isar da kamannin dabbobin da shaidar da ke jikinsu ga dillalan manyan kasuwanni irin ta Wudil. In kuma jami'an tsaro sun ƙwato shanu, sau da yawa shugabannin makiyaya ake nema su tantance masu su.

Ƙofar tallafi

Hukuma ba ta bin ruga-ruga tana neman mutum ɗaya. Shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar Kano, KSADP, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulunci ya tallafa wa, ya yi ta gudanar da allurar riga-kafin dabbobi kyauta, kuma ta bakin shugabannin makiyaya sanarwa ke isa rugage. Ciwon huhu kaɗai ya isa ya durƙusar da garken da aka yi shekaru ana tarawa.

Ga mata masu tallan nono ma akwai riba. Kamfanonin sarrafa madara, irin su L&Z da ke Kano, sun fi son hulɗa da ƙungiyoyin gama-kai, domin madarar gida ɗaya ba ta isa a turo mota. Idan aka haɗa kuɗi aka sayi dusa da harawa a kaka, kafin su yi tsada da bazara, nan ma an rage asara.

Tun da gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, samun suna a rajista ya ƙara muhimmanci. Ko makarantar 'ya'yan makiyaya, da hukumar da aka kafa a 1989 ke kula da ita, al'ummar da ta haɗa kai ta fi saurin samu.

A shiga da ido buɗe

Ba a rasa ƙorafi. Akwai makiyayan da ke kukan cewa wasu shugabanni kan karɓi kuɗi da sunan sasanci, ko su karkatar da tallafi. Maganin wannan ba ƙaurace wa ƙungiya ba ne. A karɓi kati da rasit, a halarci taro, a tambayi inda kuɗin ƙa'ida ya shiga, a zaɓi wanda shi ma yake da shanu a daji.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makiyayin da ya jira sai shanunsa sun kwana a ofishin 'yan sanda kafin ya nemi arɗo, ya riga ya makara.