Gidajen da Ba a Cewa Yaro "Kada Ka Taɓa"

Sau nawa a rana mu iyaye muke ce wa yaranmu, "Kai, kada ka taɓa"? A gidan tarihi ma haka ne, kaya suna cikin gilashi, sai kallo daga nesa. Amma akwai wasu gidaje da aka gina musamman domin yara, inda ake so su sa hannu.

An buɗe na farko a Brooklyn, cikin birnin New York na Amurka, a 1899. Boston ta bi baya a 1913, Indianapolis kuma a 1925. Shekara da shekaru kowane gida yana fama shi kaɗai. Sai a 1962 shugabanninsu suka kafa ƙungiya domin su riƙa shawara da juna, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ita ce yau ake kira Association of Children's Museums.

A shekarar nan kuwa Michael Spock ya zama shugaban gidan Boston. Ya kawar da allunan da ke hana taɓawa, ya sa aka buɗe cikin kayan da ake amfani da su kullum, domin yaro ya ga yadda suke aiki. Waɗansu gidaje suka gani, suka ɗauka. A 1975 irin gidajen nan wajen 38 ne a Amurka, daga baya suka kai ɗaruruwa. Ƙungiyar takan tara ma'aikatansu kowace shekara, tana kuma buga musu mujalla. Yanzu tana da 'yan ƙungiya a ƙasashe da dama.

Da saura matsala guda, wato kuɗin shiga. Ɗan talaka fa, a bakin ƙofa zai tsaya? Saboda haka ƙungiyar ta haɗa kai da wata hukumar gwamnatin Amurka, suka fara shirin Museums for All. Da aka soma shi, iyalin da ke karɓar taimakon abinci ba ya biyan fiye da dala 3 a kan mutum guda.

Ko babu irin gidan nan a garinmu, darasinsa namu ne. In tsohuwar tocila ta mutu, kada mu yar. Mu cire batir, mu zauna da yaro, mu bar shi ya kwance ta da hannunsa, mu kuma amsa tambayoyinsa da haƙuri.